Yadda Ake Shirya wa Intabiyun Aikin Laburare a Jami'a ko Kwaleji

Wata ƙanwata da ta gama digiri na biyu a fannin laburare ta kira ni daga Jega, muryarta na rawa. An turo mata saƙon gayyata zuwa intabiyu, saura kwana goma sha biyu. "Yaya, don Allah turo mini tambayoyin da ake yi in haddace," in ji ta. Na ce mata tambayoyi suna nan, amma ba da su za mu fara ba. Na taɓa zama a kujerar mai neman aiki, na kuma zauna cikin masu tambaya. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi suna da karatu, wasu ma da sakamako mai kyau ƙwarai. Abin da ya kayar da su shi ne ba su san ɗakin karatun da suke neman aiki a cikinsa ba, kuma ba su iya nuna abin da hannunsu zai yi ba in an ba su tebur ranar Litinin da safe. Abin da na gaya mata shi ne na rubuta a nan, mataki-mataki, don duk mai neman wannan aiki a Kebbi ko Zamfara, namiji ko mace.

Mataki na 1: Tabbatar da gayyatar, ka kuma san kujerar da kake nema

Kafin komai, ka tuntuɓi ofishin rajistara na makarantar ka ji ko da gaske daga wurinsu saƙon ya fito. 'Yan damfara suna bibiyar masu neman aiki, suna cewa a turo kuɗin fom ko kuɗin "gurbi". Duk wanda ya nemi ka tura kuɗi asusun wani mutum, ka rabu da shi.

Sai ka koma kan tallar aikin ka karanta ta da natsuwa. A jami'a ma'aikatan laburare kashi biyu ne. Akwai masu digiri a fannin, waɗanda ake lissafawa cikin malamai, albashinsu na kan tsarin CONUASS, kuma ƙarin girmansu na tafiya da bincike da wallafa maƙaloli. Akwai kuma masu difloma da sauran mataimaka, da ke kan tsarin CONTISS. Tambayoyin da za a yi wa mai neman matakin farko sun bambanta da na mai neman babban muƙami: na farko ana duba hannunsa da halinsa, na biyu ana duba yadda zai jagoranci mutane ya kuma tafiyar da kuɗi. Sannan ka san wace hukuma ce ke sa wa makarantar ido. Jami'o'i, kamar na tarayya da ke Birnin Kebbi da Gusau waɗanda aka kafa a 2013, ko ta Aliero da ta Talata Mafara, suna ƙarƙashin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da ta Ƙauran Namoda suna ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa. Kwalejojin ilimi, irin su Adamu Augie ta Argungu da ta mata zalla da ke Gusau, hukumar kwalejojin ilimi ta ƙasa, wato NCCE, ce ke kula da su. Mai ambaton NUC a gaban kwamitin kwalejin ilimi ya riga ya nuna bai yi shiri ba.

Mataki na 2: Takardu

Wannan aikin yini guda ne, kada ka bar shi sai daren tafiya. Ka haɗa na asali da kwafinsu: shaidar firamare, sakamakon sakandare, digiri, shaidar bautar ƙasa ko takardar ɗauke ta, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar asalin ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, da takardar tarihin karatunka da aikinka, adadin kwafin da tallar ta nema har da ƙari biyu. Ka jera su daki-daki cikin fayil mai leda, yadda in an ce "ina shaidar kaza" ba za ka shiga birkice-birkice ba.

Abu biyu ke yawan jawo matsala. Na farko, bambancin suna: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari irin Bunza ya bayyana a takarda ɗaya ya ɓace a wata. In haka ne, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Na biyu, rajista da LRCN, wato hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, wadda doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa. In kana da shaidarta, ta zama a sama-sama. In ka nema ba ta fito ba, ka riƙo shaidar biyan kuɗi ka faɗi gaskiya. Kada ka rikita ta da NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa da aka kafa a 1962: ita ƙungiya ce ta 'yan sana'a, waccan kuwa hukuma ce ta gwamnati. Ana tambayar bambancinsu, kuma mutane da yawa suna tuntuɓe a nan.

Ka kuma kira mutanen da ka bayar a matsayin masu yi maka shaida. Ka tuna musu, ka tabbatar sun aika wasiƙunsu in an nema.

Mataki na 3: Je ka ga ɗakin karatun da idonka

A nan nake so ka fi kashe lokaci, domin nan ne za ka bambanta da sauran. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ware rana guda ka tafi, ka gaida mai tsaron ƙofa, ka ce kai baƙo ne mai son duba littattafai. In an nemi izini, ka nema. Ba yawon kamun ƙafa ya kai ka ba, saboda haka kada ka leƙa ofishin shugaban ɗakin karatu da sunan gaisuwa. Hakan yana iya zame maka illa.

Ka shiga ka buɗe ido. Wane tsarin jera littattafai suke bi? Duba lambar da ke bayan littafi: in ta fara da haruffa, tsarin Laburaren Majalisar Amurka ne, wanda yawancin jami'o'inmu ke bi, in lambobi ne zalla, na Dewey ne. Katalogin nasu, wato jerin bayanan littattafan da suke da su, na kati ne cikin durowa, ko na kwamfuta, ko duka biyun? In na kwamfuta ne, wace manhaja? Ka nemi littafi guda a katalogi, sannan ka je kanta ka ga ko yana inda aka ce. Ka zaro littattafai goma a sashen kimiyya ka duba shekarun bugunsu. Ka leƙa sashen kwamfutoci: nawa ke kunne, ɗalibai na zaune ko kujeru ne kawai? Da aka ɗauke wuta, me ya faru? Akwai hasken sola? Ka lura da ƙurar hunturu a saman kantoci, da alamar gara a ƙasan bango, da tabon yoyon rufi. Ka duba allon sanarwa don lokutan buɗewa da rufewa. In ka samu ɗalibi a waje, ka tambaye shi cikin hira abin da ya fi damunsa da wurin.

Daga nan ka buɗe shafin makarantar a intanet ka rubuta tsangayoyinta da sassanta. Ɗakin karatun jami'ar noma ta Zuru da na kwalejin horar da malamai ba abu ɗaya suke buƙata ba. Ka san sunan shugaban makarantar, da rajistara, da shugaban ɗakin karatu, da shekarar kafa ta.

Abin da za ka fito da shi daga wannan ziyara shi ne abubuwa uku: ɗaya da ya burge ka, biyu da kake ganin za ka iya taimakawa a kansu. Yadda za ka faɗe su yana da muhimmanci, domin wanda ya gina wurin yana cikin masu sauraronka. Ban manta da wata 'yar takara ba da aka tambaya me ya sa take son aiki a nan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo makon jiya na zauna awa uku. Na ga kundayen binciken ɗalibai na shekarar ƙarshe a jere da kyau, amma ba su cikin katalogi. Na taɓa shigar da irinsu a lokacin bautar ƙasa, kuma zan so a ba ni wannan aiki." Shugaban ɗakin karatun ya ajiye alƙalaminsa ya dube ta. Ba ta kushe kowa ba, ta dai nuna ta gani kuma ta san abin yi.

In hanya ko halin tsaro sun hana ka zuwa, ka nemi ɗalibi ko ma'aikacin wurin ka yi masa waɗannan tambayoyin ta waya.

Mataki na 4: Wasa wuƙar sana'a

Kusan kowane kwamiti zai taɓo aikin katalogi, wani lokaci ma a miƙo maka littafi a ce ka yi masa lamba a nan take. Haddar ma'ana ba ta ceton mutum a wannan wuri. Ka ɗauki littattafai biyar a gida ka yi musu aikin daga farko har ƙarshe: marubuci, suna, wurin bugu, kamfani, shekara, yawan shafi, batun da littafin ya ƙunsa, lamba.

Ga misali da ya dace da mu. An ba ka littafi kan noman shinkafa a fadamun Kebbi. A tsarin Majalisar Amurka, S shi ne noma, SB shuke-shuke, shinkafa kuwa tana SB191.R5, sai ka ƙara lambar marubuci da shekara. A Dewey tana 633.18. Littafin kiwon kifi zai tafi SH, na dabbobi SF. Ka riƙe manyan haruffan a ka: Q kimiyya, R likitanci, T fasaha, L ilimi, K shari'a, BP Musulunci, DT515 tarihin Nijeriya, harshen Hausa kuwa daga PL8231. Ka san cewa ɗakunan karatun shari'a da yawa suna bin wani tsarin jera littattafai da ake kira Moys. A MARC 21, tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, ka san aƙalla gidajen da ake cikewa kullum: 020 lambar shaidar littafi ta duniya (ISBN), 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 bayanin bugu, 300 siffar littafi, 650 batu. In an tambayi bambancin ƙa'idojin yin katalogi guda biyu, AACR2 na 1978 da RDA da ya fito a 2010, ka ba da abin da ake gani da ido: RDA ya rage gajarce kalmomi, ya sa a rubuta abu yadda yake a jikin littafi, ya kawo gidajen 336 zuwa 338 masu nuna nau'in abin da aka shigar, kuma an gina shi don kayan intanet da na takarda baki ɗaya.

Akwai wani fanni da nake jin daɗi in ɗan takara ya taɓo, domin namu ne, kuma littattafan koyarwa na waje ba sa magance mana shi. Sunayenmu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ana rubuta sunansa ta hanyoyi da yawa: ɗan Fodiyo, ibn Fudi, bin Fodio, Fodiye. In kowane ma'aikaci ya shigar da wanda ya gani, littattafan mutum ɗaya sun watse gida huɗu, ɗalibi ya nemi ɗaya ya ce babu sauran. Maganin shi ne a tsayar da siga guda a matsayin ta hukuma, sauran a yi musu nuni zuwa gare ta. Haka batun ƙ da ɗ da ɓ: wanda ya rubuta "kasa" a akwatin nema, zai samu littafin da aka shigar da "ƙasa"? Ka gwada a kowane katalogi ka gani, sai ka zo da amsar. Sannan ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke cikin gafaka a gidajen malamai a Gwandu da kewayenta, zafi da gara da tsufa suna cin su. Ɗan takarar da ya iya karanta ajami yana riƙe da abin da ba kowa ke da shi ba, kuma sau da yawa sai ya ji kunyar faɗa, yana ganin karatun allo ba abin sa wa a takarda ba ne. Ka sa shi, ka kuma faɗe shi da bakinka.

Dokoki biyar na aikin laburare da masanin Indiya Ranganathan ya fitar a 1931 har yanzu ana tambayarsu. Ka san su, amma ka haɗa kowace da misali. Ta huɗu, wadda ta ce a tattala lokacin mai karatu, misalinta shi ne duba jerin kanta kowace safiya don littafin da aka mayar ba a wurinsa ba ya koma gidansa.

Mataki na 5: Kayan intanet, da abin yi in babu wuta

Ka san Koha, manhajar tafiyar da ɗakin karatu ta kyauta da ta samo asali daga ƙasar Niyuzilan, da DSpace, wadda ake ajiye kundayen digiri da maƙalolin malamai a cikinta. In ba ka taɓa amfani da Koha ba, akwai shafukan gwaji a intanet. Ka shiga ka shigar da littafi, ka yi wa mai karatu rajista, ka ba da aro, ka karɓa. Kwana biyu sun isa ka iya cewa "na gwada" da gaskiya. Kada ka ce ka ƙware a abin da ba ka taɓa ba, domin tambaya ta biyu za ta tona ka.

Ka san rumbunan mujallun bincike na intanet da ke ƙarƙashin shirin Research4Life da wanda ya dace da kowane sashe: HINARI na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙirƙira da fasaha, GOALI na shari'a. Ga JSTOR, wani rumbun mujallun bincike, ga AJOL mai tattara mujallun Afirka, ga DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta. Ka iya bayanin yadda za ka gane mujallar bogi mai karɓar kuɗi ta buga komai cikin mako guda, domin ƙananan malamai suna faɗawa tarkonta, kuma wurinka za su zo.

Sai tambayar da ta fi dacewa da ƙasarmu: wuta ta tafi, intanet ya yanke, ɗalibai sun cika ɗaki ana saura mako jarrabawa, ya za ka yi? Amsa mai kyau tana da ƙafa a ƙasa: rajistar aro ta takarda da za a shigar daga baya, maƙaloli da littattafan kyauta da aka sauke tun da wuri a kwamfutar cikin gida, kwafin katalogi da ake adanawa a wuri biyu, sashen littattafan da ba a fita da su don kowa ya samu rabo.

Mataki na 6: Ka tuna malami za a ɗauka

A kwamitin jami'a akwai farfesoshi daga wasu tsangayoyi, su kuwa bincikenka za su tambaya. Ka sake karanta kundin digirinka. Ka iya faɗinsa cikin minti biyu: matsalar da ka duba, mutanen da ka tambaya, abin da ka gano, da abin da za ka gyara in za ka sake. In kana da maƙala da aka wallafa, ka zo da kwafi, kuma ka san kowane layi nata, ko da ku uku kuka rubuta. In ba ka da ita, ka zo da batun da kake son bincika da dalilinsa.

Ana iya ce maka ka koyar na minti biyar, domin ma'aikatan laburare ke ɗaukar darasin amfani da ɗakin karatu ga 'yan shekarar farko. Ka shirya abu ƙarami guda, kamar yadda ake karanta lambar bayan littafi. Ka tuna da yawa daga ɗalibanmu ba su taɓa shiga ɗakin karatu ba kafin jami'a.

Ka kuma san inda kuɗi ke fitowa da wanda ke zuwa dubawa. Asusun TETFund, bisa dokarsa ta 2011, yana ware kaso don bunƙasa ɗakunan karatu a manyan makarantun gwamnati. Masu tantance kwasa-kwasai suna shiga ɗakin karatu su duba sabuntar littattafai da mujallu na kowane sashe, da wurin zama, da kayan intanet. NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, don haka zaɓen littattafai dole ya bi shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ita ma tana shigowa in an zo maganar ɗaukar kwafin littafi sukutum.

Mataki na 7: Gwaji da baki

Da Turanci za a yi intabiyun, kuma abin da ke cikin kai ba ya fitowa daidai sai harshe ya saba. Ka samu mutum biyu su zauna su yi maka tambayoyi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Gabatar da kai kada ya wuce minti biyu: suna, karatu, aikin da ka taɓa yi, abin da ka zo da shi. Ka gwada tambayoyin hali: babban malami ya riƙe littafi shekara guda, ka kama ɗalibi yana yage shafi, abokin aikinka ya girme ka amma kai ne shugabansa. A kowace, ka nuna ladabi da bin doka tare, kuma ka san lokacin kai magana sama. Za a tambayi aikin dare da na Asabar. Ka yi shawara da iyalinka tun a gida, musamman ke 'yar'uwa mai aure ko mai goyo, don amsar da za a bayar ta zama wadda za a iya cikawa.

Mataki na 8: Tafiya da ranar kanta

In daga wani gari za ka taso, ka iso kwana guda kafin ranar, kuma ka yi tafiyar da rana tsaka. Hanyoyinmu ba na sammakon asuba ko tafiyar dare ba ne a wannan lokaci. Ka gano ainihin wurin: wasu makarantu suna da tsohon matsuguni a cikin gari da na dindindin a waje, kamar jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da ke da mazauni ta wajen Kalgo. Tufafi masu tsabta da guga sun wadatar, kaftani da hula ko kwat, atamfa ko abaya da mayafi mai natsuwa, turare kaɗan. Ka karya kumallo, ka riƙo ruwa, domin ana iya kiran ƙarfe tara a shiga da kai bayan la'asar. Wani lokaci akan fara da gajeren gwajin rubutu ko na kwamfuta, saboda haka biro biyu a aljihu.

Da ka shiga, ka yi sallama, ka gaida shugaban kwamiti sannan sauran, ka jira a ce ka zauna. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya, amma a nan ka ɗaga kai ka dubi mai tambaya, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi inda za ka nemo ta. Nemo amsa ai shi ne aikin namu. Kada ka zagi wurin da ka baro. Albashi yana kan tsarin gwamnati, ba a ciniki, sai dai kana iya tambayar matakin da za a ɗora ka.

In an ce kana da tambaya, ka yi guda ɗaya daga abin da ka gani a ziyararka: wane sashe ya fi buƙatar hannu yanzu, ko akwai shirin shigar da kundayen ɗalibai a kwamfuta. Ka yi godiya, ka tattara takardunka na asali, ka ƙirga su kafin ka bar harabar. Da ka samu inuwa a waje, ka zauna ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka tun ba su gushe ba, ka sa alama a kan waɗanda suka ba ka wuya. Lambar wayar da ka bayar kuwa ta zauna a kunne, ka riƙa duba imel ɗinka har da akwatin tarkace, domin sakamako yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.